Rajistar ƙorafi da shawarwari a manhajar komplayans: inda aiki ya kwana

Litinin 8 ga Satumba 2025

Toh yau dai an fara. Ga wanda bai san daga inda muka taso ba, ni da wani ƙanina muka haɗa wa wani bankin maikirofainans nan Kano manhajar komplayans, wato ta tabbatar da banki yana bin doka, ita ce ke duba BVN da NIN lokacin buɗe asusu, ta tace sunan kwastoma da jerin waɗanda aka sa wa takunkumi, ta fitar da alat idan kuɗi sun haura iyakar da doka ta yanka, sannan ta shirya rahoton da ake ɗorawa a goAML, shafin karɓar rahoto na NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi. Manhajar tana aikinta, ba ita ce ciwon kan ba. Ciwon kan mutanen da ke amfani da ita ne, kowa yana da abun faɗa kuma kowa da ƙofar da yake biyowa. Hajiya shugabar komplayans imel take turowa, manajojin rassa saƙon murya a WhatsApp, wani sai ya gama gaisuwa da tambayar iyali da ya gajiya da ya damina kafin ya zo kan magana, masu kanta, wato masu karɓa da biyan kuɗi, sai sun gan ni an fito sallar azahar, odita kuwa ba ya magana sai a takarda da sitamfi. Bayan wata biyu wani ya tare ka ya ce "Injiniya ai tun kafin Sallah na faɗa maka", kai ba ka da shaidar ya faɗa, shi ma ba shi da ita.

A wata manhajar wannan rashin tsari ne kawai, a ta komplayans kuwa haɗari ne, domin ranar da masu bincike daga Babban Banki CBN ko NDIC mai inshorar kuɗin ajiya suka zauna suka ce wa ya ba da umarnin sauya wannan ƙa'idar, yaushe, bisa wane dalili, ba saƙon murya za ka kunna musu ba.

Abun da muka tsayar da Hajiya shi ne rajista guda ɗaya a cikin manhajar kanta. Kowace magana da lambarta, da sunan mai ita, da ranar da ta shigo, da wanda take hannunsa, da inda ta tsaya. Wa'adi tsakiyar Nuwamba in Allah Ya yarda.

Alhamis 11 ga Satumba

Kwashe tsohon tari. Na bi imel, na bi gurup ɗin WhatsApp na manajoji tun daga watan Maris, ƙanina kuma ya zauna da iyafis yana sauraron saƙonnin murya yana rubutawa a Excel, wallahi na tausaya masa. Mun tashi da layi 214. Da muka cire maimaici sai suka dawo 131, kuma a nan ne na fara ganin abun da ban gani ba lokacin da suke zuwa ɗaya-ɗaya: magana guda ce rassa huɗu suka faɗa da kalmomi daban, wato alat ɗin suna ya yi yawa, amma da yake kowa shi kaɗai ya kawo tasa sai ta zama kamar ƙorafin mutum ɗaya mai mita.

Na ƙara gurbi guda da na ga ya fi kowane muhimmanci, na sa masa suna madogara. Duk maganar da ta shigo sai an faɗi kan me ta jingina: dokar ƙasa ko sakular ta CBN ce ta ce a yi haka, ko tsarin cikin gida na banki ne, ko neman sauƙin aiki ne, ko kuma tangarɗa ce a manhajar. Idan ka zaɓi doka dole ka rubuta wace doka. Dalili kuwa, kowa a bankin nan ya koyi cewa in yana son a yi masa abu da sauri sai ya ce "CBN ce ta ce". Na ƙirga, cikin 131 ɗin nan sama da arba'in suna ɗauke da wannan jumlar, da Hajiya ta bi su da jan biro tara ne kaɗai ta samo musu takarda.

Litinin 15 ga Satumba

An gama tebur a databes, fom ɗin shigarwa yana buɗewa a waya. Matakai biyar: an karɓa, ana dubawa, ana jiran wani, an yi, an ƙi. Ba wani labari.

Juma'a 19 ga Satumba

Mun buɗe wa rassa biyu gwaji ranar Laraba, kafin yau abu ya riga ya ɓaci ta inda ba mu kalla ba. Ma'aikaci zai kawo ƙorafi cewa manhaja ta ƙi karɓar wani kwastoma, sai ya ɗauki sikirinshot na dukkan fuskar kwamfutar ya liƙa, ga sunan mutum, ga BVN, ga NIN, ga lambar waya, ga hoton fuskarsa, wani har da ragowar kuɗin asusu. Kuma rajistar nan mun yi ta ne kowane ma'aikaci ya iya karanta na kowa domin a rage maimaici, kenan mai kanta a Wudil yana zaune yana kallon bayanan kwastoman Sabon Gari da ba ruwansa da su.

Hajiya ta kira ni kafin masallaci, muryarta a sanyaye, wanda ya san ta ya san wannan ya fi faɗa muni. Ta ce "Injiniya, ka san yau ce ranar da GAID ta fara aiki ko?" GAID ita ce takardar umarnin da hukumar kare bayanai ta ƙasa NDPC ta fitar a watan Maris kan yadda za a aiwatar da dokar kare bayanai ta 2023, aka ba da wata shida, yau 19 ga Satumba ta kama. Na ce "Na sani ranki ya daɗe." Ta ce toh manhajar da aka kawo don ta hana mu karya doka kada ita ta ja mu gaban hukuma. Sashe na 40 na dokar ya ce in aka samu ɓarakar bayanai da ka iya cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar, don haka ta zauna da kanta ta duba wa da wa suka buɗe waɗannan hotunan, Allah Ya sa muna ajiye tarihin buɗewa. Ma'aikatan banki ne duka, ba abun da ya fita waje, ta rubuta bayaninta ta sa a fayil, hukuncin ko ya kai a kai rahoto ko bai kai ba nata ne da lauyan banki, ba nawa ba.

Gyaran da muka yi da daddare: hoto yanzu mai ƙorafin da sashen komplayans da mu biyu ne kaɗai ke gani. A rubutu kuma duk lambar da ta kai goma sha ɗaya a jere manhajar na rufe ta, ta bar huɗun ƙarshe, tunda BVN da NIN da lambar waya duk goma sha ɗaya ne, dutse ɗaya ya isa. Lambar asusu goma ce, ita ma mun haɗa da ita. Sannan na sa gurbin da za ka zaɓi kwastoma daga cikin manhajar kai tsaye ba sai ka kwafo komai ba. Tsofaffin hotunan an goge su bayan Hajiya ta sa hannu.

Abun da ya fi tsaya mini a rai, irin waɗannan hotunan suna nan jibge a gurup ɗin WhatsApp tun watanni, a wayoyin mutane, wasu ma sun bar aikin. Rajistar ba ita ta ƙirƙiro ɗabi'ar ba, fito da ita fili ta yi. Wannan na rubuta shi a matsayin lamba 140, madogara doka, na sa shi hannun Hajiya.

Laraba 24 ga Satumba

An buɗe wa dukkan rassa. Mutum biyu sun turo mini saƙon murya suna yabon rajistar, a ƙarshen saƙon kowanne ya liƙa ƙorafinsa. Na mayar musu da link.

Talata 30 ga Satumba

Yau muka sha rigima ta farko ta gaske, a kan lamba 152.

Manajan reshen da ke kusa da Kantin Kwari ne ya shigar. Dattijo ne, ya daɗe a harkar, kwastomominsa 'yan atamfa da shadda sun san gidansa. Buƙatarsa ita ce idan komplayans ta ɗora alama a kan asusu, a nuna masa dalili a fuskarsa, har da ko an tura rahoton zargi ga NFIU, domin Alhaji zai zo ya zauna a ofishinsa ya ce me ya sa tiransifa ta ta tsaya, shi kuma ya yi ta kame-kame kamar bai san aikinsa ba. Gaskiya na fahimce shi, a Kano mutuncin manaja a gaban kwastoma jari ne. A gurbin madogara ya zaɓi doka, ya rubuta haƙƙin kwastoma ne a yi masa bayani.

Amma wannan ɗin ba ya yiwuwa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta a kai rahoton hada-hadar da ake zargi cikin awa 24, kuma ta haramta a tsegunta wa wanda ake zargi cewa an kai rahotonsa ko ana shirin kaiwa. In manaja ya gani a kwamfuta, ko bai buɗe baki ba fuskarsa za ta faɗa, balle a ce kwastoman amininsa ne na shekara ashirin. Shi ya sa tun farko ɓangaren rahoton zargi mutum uku ne kacal ke iya buɗe shi a duk bankin.

Da a da ne, abun da zai faru shi ne na ce masa "toh Yallaɓai za mu duba", ya sake tambaya na ce "muna kai", har ya gaji ya ce yaran nan ba sa jin magana. Yanzu Hajiya ta danna an ƙi, manhajar kuma ba ta yarda ka danna an ƙi sai ka rubuta dalili da sunan dokar. Ya kira ni a fusace, wai an rubuta masa an ƙi a gaban yaransa. Na ce "Yallaɓai a yi haƙuri, ba kai aka ƙi ba, kuma wannan rubutun kai yake karewa, gobe in wani abu ya taso ga shaida cewa ba ka taɓa ganin rahoton ba." Bai gamsu ba a lokacin. Da yamma Hajiya ta je reshen da kanta suka zauna, suka fito da wata buƙatar daban, lamba 157: a ba manajoji jumla guda da aka amince da ita da za su riƙa faɗa wa kwastoma, cewa ana sabunta bayanan asusun ne kamar yadda ƙa'ida ta tanada, da jerin takardun da zai kawo idan akwai. Wannan kam za a yi, aikin rabin yini ne.

Na haɗa 152 da 157 da igiya a rajistar, duk wanda ya buɗe ɗaya zai ga ɗayar. Na kuma sauya abu guda: buƙatar da aka ƙi, sauran ma'aikata suna ganin buƙatar da dalilin amma ba sa ganin sunan wanda ya kawo. Dattijon ya yi gaskiya a wannan.

Litinin 6 ga Oktoba

Lissafin kuɗi, tunda an tambaya. Sabar da rajistar take kai dala 12 ce a wata, da canji wajen 1,500 ka ce naira dubu goma sha takwas. Data da man janareta na ofishinmu a watan jiya sun tasam ma dubu casa'in, rabi na ɗora wa wannan aikin. SMS na sanar da mutum cewa maganarsa ta motsa mun kashe shi, imel da sanarwar cikin manhaja sun isa.

Sai dai sabar nan a Frankfurt take, an ɗora ta can tun farko don arha da rashin ɗaukewar wuta. Hajiya ta shigar da nata, lamba 163, ta jingina da sashe na 41 zuwa 43 na dokar kare bayanai, masu magana kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje. Dokar ba ta ce haram ne ba, ta ce sai da sharuɗɗa da takardun da za ka nuna, Hajiya kuma ta ce ita ba ta da lokacin wannan takardun, a dawo da komai gida. Na karɓo farashi daga kamfanoni biyu a Legas, mai arhan ya kusa ninka na yanzu sau uku. Na tura wa manajan darakta, ana jiran wani.

Alhamis 9 ga Oktoba

157 an yi. An amince da kuɗin sabar Legas, ƙaura ranar Asabar da daddare.

Talata 14 ga Oktoba

Ƙaura ta yi, amma sanarwar imel ta mutu har safiyar Litinin saboda sabuwar sabar an toshe mata ƙofar aika saƙo, sai da muka yi ta kiran kamfanin. Ba abun da ya ɓata, jinkiri ne kawai.

Yanzu ga babban, maganar suna. Ita ce ta fi kowace yawan masu goyon baya a rajistar, mutum 23 suka danna "ni ma". Manhajar tana gwada sunan kwastoma da jerin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da na kwamitin takunkumi na Najeriya, kuma ba daidai-wa-daida take nema ba, kamanni take nema, don kada wani ya sauya harafi ɗaya ya wuce. Toh a jerin Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2014 akwai Abubakar Mohammed Shekau. Ka tsaya a bakin kowane reshe a Kano ka kira Abubakar Muhammad ka ga mutum nawa za su waiwayo. Ga Muhammad da Mohammed da Muhammadu, ga wanda BVN ɗinsa ke cewa Abubakar NIN ke cewa Garba, kuma mutum ɗaya ne. Kowane irin wannan alat ne, kowane alat sai wani a komplayans ya duba ya wanke kafin a buɗe asusu, kwastoma yana zaune a benci.

Rassa suna so a ɗaga ma'aunin kamanni daga kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari alat ya ragu. Odita ya shigar da tasa buƙatar a rana guda yana cewa kada a taɓa, in ma da hali a sauke zuwa 80. Buƙatu biyu masu karo da juna, kowanne da hujjarsa, kuma wannan ba hukuncin mai rubuta kod ba ne ko kaɗan, ni dai aikina na kawo musu lissafi. Na ɗauki alat ɗin wata uku na sake gudanar da su a ma'auni daban-daban. A 95 alat ya ragu sosai amma sunayen gwaji da na lauya da gangan biyu sun sulale. Abun da ya yi aiki shi ne a bar 85 ɗin, a ƙara duba shekarar haihuwa da ƙasa kafin alat ya fito, sannan wanda aka riga aka wanke kada a sake tayar da shi sai in jerin ne ya sauya. Akwai 'yar matsala, dattawa da yawa 1 ga Janairu ce a katinsu, shi ya sa shekara kawai muke kallo da rangwamen biyu gaba biyu baya.

An zauna da Hajiya da odita da manajoji biyu, an amince, an rubuta wa ya halarta, an liƙa lissafin nawa a jikin lambar. Odita ya ce a rubuta cewa shi bai so ba amma ya bi rinjaye. An rubuta. Ni kam na ji daɗin hakan, rajistar da kowa ya yarda da komai a cikinta ba wanda zai gaskata ta.

Can gefe kuma wani ya tambaya me ya sa manhaja ke sa wa 'yan gidan sarauta alamar masu riƙe da muƙami. Ƙa'idar CBN ce, ta lissafa gidajen sarauta tare da gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi da iyalansu. An ƙi, da dalili, minti biyu.

Litinin 20 ga Oktoba

Kaka ta shigo, reshen Dawanau ya fara kuka. Riɗi da waken suya da masara suna sauka, dillali ɗaya sai ya juya kuɗin tirela a yini, doka kuma ta ce duk hada-hada guda da ta haura miliyan 5 ga mutum ko miliyan 10 ga kamfani a kai rahotonta cikin kwana bakwai. Miliyan 5 ɗin nan a Dawanau a farashin yau ba wani kuɗi ba ne. Ma'aikaciyar da ke can ta rubuta: "Don Allah Injiniya a mayar mana da iyakar miliyan 20 ko zuwa Disamba ne, ba ma tashi sai bayan isha." An ƙi, lambar a cikin doka take ba a cikin manhaja ba.

Amma da na kira ta na ce ta nuna mini yadda take yi, sai na ga ainihin abun da ke cinye mata dare: kowane rahoto sai ta sake rubuta sana'ar kwastoma da adireshinsa da hannu alhali suna nan a fayil ɗinsa. Iyaka ta roƙa, amma ciwonta maimaita rubutu ne. Mun sa manhajar ta riƙa cike waɗannan da kanta, ita ta duba ta tabbatar, kuma ta iya tabbatar da goma a lokaci guda. Tun daga 152 na lura da haka, yawancin abun da ake ƙi akwai wata buƙata halastacciya kwance a ƙarƙashinsa, sai ka ɗaga waya za ka same ta, fom ba ya tono ta. Na ƙara tambaya ɗaya a fom ɗin: me kake ƙoƙarin yi lokacin da abun ya tare ka?

Ta kuma ambata a wucewa cewa wasu sun koyi sakawa miliyan huɗu da dubu ɗari tara sau biyu. Wannan ba nawa ba ne, na ce ta faɗa wa Hajiya ta hanyar da aka tanada, ba ta rajista ba.

Asabar 25 ga Oktoba

Jiya FATF, ƙungiyar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da take sa wa ido, wanda aka saka mu tun Fabrairun 2023, mu da Afirka ta Kudu da Mozambik da Burkina Faso aka fita tare. Kafin dare mutum uku sun shigar da buƙatar a sassauta kaza da kaza tunda "an cire mu". Hajiya ta amsa duka ukun da layi ɗaya: ba dokar da aka soke jiya.

Laraba 29 ga Oktoba

Wata ɓaraka. Masu kanta sun fara zuba koken kwastomomi a rajistar, an cire wa wane kuɗi a POS bai samu ba, wance ta ce an yanke mata caji sau biyu. Na gane dalili, rajistar tana ba da lamba kuma ana amsawa. Amma koken kwastoma agogonsa daban ne, CBN ta ce kwastoma ya fara kai wa bankinsa, in mako biyu suka wuce ba a warware ba yana da damar wucewa sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN, rikicin POS kuma tun 2020 awa 72 aka yanka masa. Rajistarmu ba ta ƙirga wannan, mu muna kallon komai a matsayin shawarar da za a tattauna ranar Alhamis. Mun tarar da guda bakwai, ɗaya ya kwana tara ba wanda ya taɓa shi.

An miƙa su ga teburin kula da kwastoma a take da ainihin ranar da suka shigo, ba ranar miƙawa ba, Hajiya ta nace kan wannan. A fom kuma tambayar farko yanzu ita ce: kuɗin kwastoma ne ko manhaja? In ka ce kuɗin kwastoma sai ta wuce da kai can. Manajan darakta ya ce me zai hana a haɗe su duka wuri guda, na ce Yallaɓai zai yiwu amma aiki ne na daban da kuɗinsa daban, na shigar masa da ita lamba 201 ya ga shi ma layi yake bi.

Laraba 5 ga Nuwamba

Odita ya yi mana gwajin bincike, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zaɓi sauye-sauye goma da aka yi wa manhajar tun Satumba ya ce a nuna masa asalin kowanne. Tara sun fito da lambarsu da wanda ya amince. Na goman gyaran rubutu ne a wani maɓalli, ba shi da lamba, ya ce ko wasali aka sauya yana son lamba. Toh, yanzu kod ba ya hawa sabar sai da lambar rajista a jikinsa.

Sai ya kama wani abun da ya fi wannan: mai buƙata yana iya komawa ya gyara rubutunsa bayan an yanke hukunci, kenan mutum zai iya sauya abun da ya roƙa ya bar amsar tana reto. Mun rufe. Yanzu ba a gogewa ba a gyarawa, sai dai ka ƙara sabon bayani a ƙasa da kwanan wata, har mu masu manhajar. Ajiya shekara biyar aƙalla, daidai da abun da dokar 2022 ta ce kan takardun hada-hada, duk da Hajiya da lauya suna kan muhawara ko hotunan da aka liƙa su ma sai sun kai haka ko a riƙa share su da wuri.

Alhamis 13 ga Nuwamba

Inda muke: lamba ta kai 226. An yi 118, an ƙi 47 kowanne da dalilinsa, 19 an haɗe su da wasu, sauran suna tafiya ko suna jira. Saƙon murya bai mutu ba amma ya ragu, wanda ya turo ƙanina yana shigar masa ya tura masa lambar.

Abun da ke gaba: rahoton wata-wata na shafi ɗaya ga kwamitin bod mai kula da haɗari, su abun da suke son gani shi ne buƙatun da madogararsu doka ce kuma suka haura kwana talatin a buɗe, yanzu guda huɗu ne. Sai wakilan POS, su ba su da shiga manhajar kwata-kwata kuma su ne suka fi kowa haɗuwa da kwastoma, ina tunanin lambar WhatsApp ta kasuwanci da za ta riƙa zubawa cikin rajistar kai tsaye, amma sai na zauna na lissafa kuɗin tunda Meta ta koma caji kan kowane saƙo tun Yuli, ga kuma maganar hotuna da za ta dawo sabuwa. Hajiya kuma tana so a ware duk lambobin da suka shafi kare bayanai wuri guda kafin binciken shekara da ake miƙa wa NDPC a watan Maris.

Akwai guda shida da suka maƙale a "an yi" ba a rufe ba, domin ƙa'idarmu mai buƙata ne ke tabbatar da cewa abun ya yi masa, masu buƙatun kuma biyu an yi musu canjin reshe ɗaya ta tafi hutun haihuwa. Na ba da shawarar bayan kwana goma sha huɗu manajan reshen ya rufe a madadinsu, odita ya ce sai dai komplayans. Ranar Litinin za a zauna a kai.